Farantan sola nawa ne za su ɗago ruwa daga rijiya mai mita 65?

Maigidan Goma:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sola da na famfo kafin in sayi kaya.

Gida ne na mutum goma, kuma babu wutar layi a wurin kwata-kwata. An haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin mita 65, kesin ɗinta, wato bututun da aka zura cikin ramin, inci 5 ne. Idan ba a ja ba, ruwa yana tsaye a mita 27 daga baki. Akwai ɗan lambu da bai wuce murabba'in mita 60 ba, da ƙananan dabbobi guda takwas. Tanki zai hau kan hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 6, tsakaninta da rijiyar mita 30.

Shawara biyu na samu, kuma sun saɓa wa juna. Ta farko, a sa sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin ruwan rijiya, na AC (wuta irin ta layi) mai ƙarfin doki ɗaya, inbata 2.5 kVA, batir biyu masu 200Ah, da farantai huɗu. Ta biyu, a sa sumo na DC (irin wutar da farantai ke bayarwa) wanda ake haɗawa da farantai kai tsaye ba tare da batir ba. Wace ce ta fi dacewa da gida irin wannan? Farantai nawa zan saya, kuma masu wat nawa? Idan babu batir, yaya za a yi da dare ko ranar da hadari ya rufe sama? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Sola:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo kan doki nawa ko farantai nawa, akwai lambobi uku da komai ya rataya a kansu: lita nawa gidan yake sha a rana, mita nawa za a ɗaga ruwan, da awa nawa na cikakkiyar rana ake samu a watan da ya fi ƙarancin haske. Wanda ya ba ka jerin kaya bai tambaye ka waɗannan ba, kintace ya yi.

Mu fara da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta lita 50 zuwa 100 ga mutum ɗaya a rana don sha, girki, wanka da wanki. Mu ɗauki 80, mutum goma ya zama lita 800. Lambu a lokacin zafi yana shan lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita, wato kusan 400. Dabbobi takwas ba za su wuce 100 ba. Jimla 1,300. Ƙara rubu'i saboda baƙi, ɗigar famfo da ranar babban wanki, ka samu kusan 1,600. Ni zan yi lissafin famfon a kan lita 2,000, domin bayan an yi kwana biyu ana hadari sai famfon ya ciyar da gida kuma ya mayar da abin da aka kwashe daga tanki a lokaci guda. Idan daidai bukata yake bayarwa, tankin ba zai sake cika ba.

Sai tsayi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Zurfin rijiyar, wato mita 65 ɗin nan, ba ya cikin lissafi. Inda aka rataye sumon ma ba ya ciki. Ana aunawa ne daga saman ruwa a lokacin da ake ja, zuwa bakin bututun da ke zuba a tanki. Ruwan da ke saman sumo shi da kansa yake tura na ƙasa, saboda haka ko ka nutsar da injin mita 5 cikin ruwa ko mita 20, aikin ɗagawa ɗaya ne. Naka yana tsaye a mita 27, amma da an fara ja zai sauka. Tunda ba ka faɗi nawa yake sauka ba, zan sa mita 8 na wucin gadi, ya zama 35. Hasumiya 6, tsayin tankin kansa 2, ya zama 43. Gogar ruwa a jikin bututu da kwanoni da bawul, idan inci ɗaya ka sa, ba za ta wuce mita 2 ba. Jimla mita 45.

Mita 30 na kwance tsakanin rijiya da hasumiya ba a tara su da tsayi, gogarsu kawai ake ƙirgawa. Amma kada wannan ya sa a yi tsimi da faɗin bututu. Lita 500 a awa cikin bututu inci ɗaya tana cin kusan rabin mita a kowace mita 100. Cikin rabin inci kuwa tana cin mita 4 zuwa 5, kuma idan gudun ya kai lita 1,000 a awa asarar tana haura mita 15.

Yanzu wutar da ake bukata. Ɗaga kubik mita ɗaya na ruwa, wato lita 1,000, zuwa tsayin mita ɗaya yana cin wat-awa 2.725. To:

2 × 45 × 2.725 = wat-awa 245 a rana.

Wannan aikin da ya shiga ruwa ne zalla. Ƙananan sumo ba sa mayar da duk wutar da suka ci ta zama ruwa. Idan aka haɗa asarar mota, famfo da kwantirola (akwatin da ke sarrafa wutar farantai kafin ta shiga sumo), kashi 40 cikin ɗari ƙiyasi ne mai aminci. 245 ÷ 0.4 ya ba mu kusan wat-awa 610.

Awannin cikakkiyar rana ba daga hudowa zuwa faɗuwa ba ne. Hasken yini ne gaba ɗaya aka dunƙule, aka ga awa nawa zai yi da a ce duk da ƙarfin wat 1,000 a murabba'in mita ya sauko. Kana iya duba na wurinka kyauta a shafin intanet na Global Solar Atlas ko na NASA POWER, kuma ka ɗauki na watan da ya fi rauni, ba matsakaicin shekara ba. Mu ce 4.5. Faranti kuma ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa, domin an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali a rana jikinsa yana kai 60 zuwa 65, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari. Haɗa da ƙura da asarar waya, sai a ninka da 0.7.

610 ÷ (4.5 × 0.7) = kusan wat 195.

Ka ga ke nan, wat 200 ne mafi ƙaranci, wat 400 kuwa ya ba ka sarari sosai, famfon ya tashi da wuri da safe kuma ya ci gaba da juyawa ko da akwai gajimare. Abin da kake nema shi ne sumo na DC mai wat 250 zuwa 300 wanda zai ba da lita 500 zuwa 600 a awa a tsayin mita 45. Awa huɗu na irin wannan gudun sun biya bukatar yini.

Ka yi hattara da rubutun jikin kwali. Idan ka ga an rubuta iyakar tsayi mita 80, iyakar ruwa lita 1,500 a awa, lambobin nan biyu ba sa haɗuwa. A mita 80 ko ɗigo ba zai fito ba, lita 1,500 kuwa sai idan babu tsayi ko kaɗan. Ka nemi jadawalin famfon, ka bi layin mita 45 ka ga lita nawa yake bayarwa a kan wat nawa. Wanda ba shi da jadawali, ka bar shi.

Sumo na sola iri biyu ne. Akwai mai sukuru, wanda murɗaɗɗen ƙarfe yake juyawa cikin roba yana tura ruwa sama, akwai kuma mai farfeloli da aka jera. Mai farfela ƙarfin ɗagawarsa yana bin gudun mota ne idan an ninka gudun da kansa: idan gudu ya ragu da rabi, tsayin da yake iya kaiwa yana komawa rubu'i. Shi ya sa da sassafe ko a gajimare za ka ji yana juyawa amma ruwa bai iso tanki ba. Mai sukuru ko a hankali yake juyawa yana kai ruwa sama, yawan ne kawai yake raguwa. Ga ruwa kaɗan da tsayi mai yawa irin naka, mai sukuru ne ya dace, muddin rijiyar ba ta kawo yashi.

Batun dare da hadari, ruwa za ka adana, ba wuta ba. Tanki mai ɗaukar bukatar kwana uku, kusan lita 5,000, shi ne madadin batir ɗinka, kuma shi ba ya mutuwa bayan 'yan shekaru. Sai dai ka tuna lita 5,000 tan biyar ne. Idan hasumiyar ba a yi ta don wannan nauyi ba, ɗora mata na lita 2,000, ka ja bututun ambaliyarsa zuwa na lita 3,000 a kan dakali a ƙasa don lambu da dabbobi.

Tsohon Mai Haƙa:

Lissafin Injiniya ya tafi daidai, amma akwai lamba ta huɗu, kuma ita ce ke kashe injuna: lita nawa rijiyar kanta take iya kawowa a awa. Rijiya ba tafki ba ce. Kesin inci 5 yana riƙe da lita 11 zuwa 12 ne kawai a kowace mita. Abin da ya wuce wannan sai wanda yake tsatsowa daga ƙasa, kuma shi yana da iyakarsa. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya zai tsotse ta, ya shaƙi iska, robar mai sukuru ta ƙone cikin 'yan mintoci, domin ruwan da yake ja shi ne man shafawarsa kuma shi ne mai sanyaya motarsa.

Malam, ka fara neman takardar da masu haƙa suka bari. Ya kamata a ga inda aka sa bututu mai tsaga-tsaga da ruwa ke shigowa ta cikinsa, da sakamakon gwajin ja. Idan babu, a yi gwajin kafin a sayi komai. Ana ɗauko aron sumo da janareta. A auna inda ruwa yake tsaye bayan rijiyar ta kwana ba a taɓa ta ba. Ma'aunin ba wuya: waya mai layi biyu, a fere bakinta, a ɗaura mata ɗan nauyi, a yi mata alama kowace mita, a haɗa ɗaya bakin da mitar gwajin wuta. Da ta taɓa ruwa mitar za ta motsa. Sai a kunna famfo, a riƙa auna matakin ruwa kowane minti biyar a rabin awar farko, daga nan kowane minti talatin. A lokaci guda a riƙa cika bokiti mai lita 20 ana duba agogo: 72,000 a raba da yawan sakan ɗin da ya ɗauka, shi ne lita a awa. Idan ruwa yana ta sauka bai tsaya ba, a rage bawul har sai ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla awa biyu. Gwajin gida kada ya gaza awa shida. Bayan an kashe, a auna yadda yake dawowa. Rijiyar da ta dawo kusan matakinta cikin awa ɗaya ko biyu lafiyayya ce, wadda ta kwana ba ta dawo ba ajiyayyen ruwa aka kwashe.

Abin da aka samu, kada a ja fiye da kashi 70 cikin ɗari nasa. Kuma a lura da lokacin da aka yi gwajin, domin a ƙarshen rani ruwan ƙasa yana iya sauka da mita da yawa fiye da yadda yake bayan damina.

A wannan gwajin ne kuma za a duba yashi. A bar bokitin ya kwanta minti goma. Idan bayan awanni ana ja har yanzu yashi yana taruwa a gindi, a sake wanke rijiyar da iskar kwamfureso tukuna. Idan bai daina ba, to mai sukuru ba zai yi ƙarko ba, yashi zai cinye robar, sai a koma mai farfela a ƙara masa farantai.

Maigidan Goma:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Baba. Na samo takardar. An rubuta cewa an ja lita 900 a awa na tsawon awa takwas, ruwa ya sauka ya tsaya a mita 38. Bututu mai tsaga yana daga mita 52 zuwa 61. Ruwan ya fita tas babu yashi.

Saura tambaya uku. Wace irin waya zan sa, kuma yaya ake haɗa farantan? Tankin mita 6 zai ba da ƙarfin da shawa za ta yi aiki? Sannan idan nan gaba zan sa sola ta fitilu da firji, ba gara in yi babba guda ɗaya in ɗora sumo na AC a kai ba?

Tsohon Mai Haƙa:

To, takardar nan ta raba gardama. Sumo mai doki ɗaya a tsayi irin naka yana jan lita 2,500 zuwa 3,000 a awa, rijiyarka kuma 900 aka gwada ta. Ruwan da ke saman injin bai wuce lita 230 ba. Cikin kusan minti goma zai kai ruwa bakinsa. Ya yi mata girma nesa ba kusa ba, kuma jan da ya fi ƙarfin rijiya shi ne yake tayar da yashin da a da yake kwance. Iyakarka lita 600 zuwa 630 a awa, wato daidai abin da Injiniya ya zaɓa.

Ka rataye sumon a mita 46 zuwa 48. Ya kasance mita 8 zuwa 10 ƙarƙashin inda ruwa ya tsaya a gwaji, kuma sama da bututu mai tsaga. Dalili biyu ne. Motar sumo a ƙasansa take, ruwan da ke tasowa daga ƙasa yana shafar jikinta yana sanyaya ta kafin ya shiga. Idan ka saukar da shi ƙasa da inda ruwa ke shigowa, ruwan daga sama zai zo ya shige, motar ta zauna cikin ruwan da ba ya motsi ta yi zafi. Sannan gindin rijiya wurin taruwar laka ne.

A ɗaura masa igiyar nailan mai kauri ko wayar ƙarfe marar tsatsa, a ɗaure a murfin rijiya. Kada nauyi ya hau wayar wuta ko kaɗan. A kama wayar da bututu kowace mita 2 zuwa 3, a bar mata ɗan sako-sako domin bututun roba yana miƙewa idan ya cika. Na'urar gane ƙarewar ruwa a ɗaure ta kusan rabin mita sama da injin. Murfi kuma ya rufe ruf, a zuba siminti kewaye da baki mai gangara waje, kada ruwan sama da datti su koma ciki.

Malama Mai Wayarin:

Da sabon adadi, tsayi ya koma mita 48, bukatar farantai ta tashi zuwa kusan wat 210. Wat 400 har yanzu ya wadatar. Amma wat kaɗai ba ya tayar da famfo, sai bolt ya yi daidai, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Kowace kwantirola tana da iyaka biyu a rubuce: mafi ƙarancin bolt da take aiki da shi, da mafi yawan da za ta iya ɗauka. A bayan faranti kuma akwai Vmp, bolt ɗin da yake bayarwa yana cikin aiki, da Voc, wanda yake bayarwa idan ba a ɗora masa komai ba. Zafi yana rage bolt, sanyi yana ƙara shi, kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri. Saboda haka Vmp ake gwadawa da tsakar rana mai zafi, Voc kuma da asuba mafi sanyi a shekara. Misali, faranti biyu masu wat 200, kowanne Vmp 37, Voc 45, aka haɗa su a jere, jan wannan da baƙin wancan. Vmp ya zama 74, a zafin digiri 65 ya sauka zuwa kusan 65. Voc ya zama 90, idan sanyi ya kai digiri sifiri ya haura zuwa kusan 97. Kwantirolar da iyakarta 100 ce ta tsira da ƙyar, wadda iyakarta 90 ce za ta ƙone. A ɗaya gefen, faranti guda mai wat 400 wanda Vmp ɗinsa 31 ne ba zai juya famfo mai bolt 48 yadda ya kamata ba, duk da wat ɗin ya isa. Shi ya sa ake fara zaɓen famfo da kwantirola, sannan a nemo farantan da suka dace da su. Kuma a jere ɗaya kada a gauraya farantai mabambanta, mafi rauni ne zai ja sauran ƙasa. Haka inuwar reshe ko ta hasumiyar tanki a kan faranti ɗaya take yi wa jeren duka.

Waya kuma, ga yadda ake lissafin bolt ɗin da ke ɓacewa a tagulla: 2 × tsawo × amfiya × 0.0175, a raba da kaurin waya a murabba'in milimita. Taka za ta kai mita 55 daga kwantirola zuwa injin. Famfo mai wat 300 a bolt 48 yana jan amfiya 6.3. A waya 2.5 za a rasa bolt 4.9, wato kashi 10 cikin ɗari. A waya 4, kashi 6. Ko a waya 6, kashi 4 ne da ɗoriya. Famfo mai wat 300 ɗin nan a bolt 72 kuwa amfiya 4.2 yake ja, a waya 4 asarar bolt 2 ce, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, wanda shi ne abin da ake so. Idan motar mai layi uku ce, ana sa 1.73 a madadin 2, lambobin su ɗan ragu, amma hukuncin bai canja ba: ga rijiya mai wannan zurfi, ɗauki mai bolt 72 ko sama, da waya 4 ta cikin ruwa. Ka tabbatar tagulla ce zalla, domin alminiyon da aka shafa wa tagulla yana da turjiya fiye da haka da kusan rabi. Mahaɗar wayar injin da doguwar waya a yi ta da kayan haɗi na cikin ruwa, masu roba mai tsukewa da zafi da ƙaro a ciki. Salatif ba ya riƙe ruwa a mita 10 ƙarƙashi, kuma sau da yawa sumon da aka ce ya mutu, mahaɗar nan ce ta sha ruwa.

Tsakanin farantai da kwantirola a sa bireka ta DC, ba ta AC ba. Tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa kamar na AC, birekar gida tana iya narkewa ba ta yanke ba. A sa na'urar kare tsawa ta DC, a kafa sandar tagulla mai aƙalla mita ɗaya da rabi a ƙasa mai laima, a haɗa firam ɗin farantai da akwatin kwantirola da ita. Kwantirolar ta zauna a inuwa inda iska ke ratsawa, bayan farantan ma ya yi. Farantai su kalli kudu idan kana arewa da ikwaita (layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu), su kalli arewa idan kana kudu, karkatarsu daidai da digirin nisan wurin daga ikwaita, amma kada ta gaza digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke su.

Abu ɗaya da nake roƙon kada a yi: sa bawul mai ƙwallo irin na tankin bayi a bakin bututun da ke zuba a tanki. Mai sukuru ba ya sanin an rufe masa hanya, turawa zai ci gaba da yi har bututu ya fashe ko mota ta ƙone. Makunni mai iyo ake sawa cikin tanki, a ja siririyar wayarsa zuwa kwantirola ta cikin bututu a binne, idan ya cika ta kashe injin. Kada kuma a sa wani bawul na rufewa tsakanin rijiya da tanki wanda yaro zai iya murɗawa.

Game da shawa, kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar ɗaya a ma'aunin matsin ruwa. Gindin tankinka yana mita 6, kan shawa yana mita 2, saura mita 4, wato 0.4. Zai zubo, amma ba da ƙarfi ba. Ka sauko da bututu inci ɗaya da rubu'i daga tanki, ka kai inci uku bisa huɗu har banɗaki, ka sa kan shawa mai manyan huji. Idan ana son matsi sosai, ƙaramin famfon ƙarin matsi na bolt 12 ko 24 mai wat 60 zuwa 100 ya isa. Ba ya yin fiye da awa ɗaya a rana, don haka batir 50Ah da faranti wat 100 nasa na kansa sun riƙe shi.

Tambayarka ta ƙarshe tana da fuska biyu. Ga abin da shawarar farko take nufi a lambobi. Doki ɗaya wat 746 ne a bakin mota, amma daga waya yana jan kusan 1,100. Lokacin tashi yana fizgar ninki huɗu zuwa shida na amfiyarsa na ɗan sakan, wato 6 kVA ko fiye. Inbata 2.5 kVA, ko tana jure ninki biyu, a bakin gaɓa take. A ɓangaren batir mai bolt 24, aiki kawai amfiya 50 ne da wani abu, tashi kuma ya haura 200. Da batir ya ɗan tsufa bolt zai faɗi, inbata ta yanke. Inbatar kanta idan an bar ta a kunne tana cin wat 20 zuwa 50 ba ta yi komai ba. Wat 30 sau awa 24 wat-awa 720 ne, ya fi abin da sumon DC zai ci ya ɗago ruwan yini guda. Amma idan da ma za ka gina sola ta gida mai inbata 3.5 zuwa 5 kVA mai tsabtatacciyar wuta, ɗora mata sumo na AC mai rabin doki ba laifi ba ne. A sa masa agogon kunnawa ya yi aiki tsakanin ƙarfe 10 da 2 lokacin da farantai ke ɗauke da nauyin, a rage bawul zuwa lita 600, wanda mai farfela yana jurewa. Fa'idarsa, kayan gyaransa sun fi samuwa kuma janareta yana tayar da shi.

Injiniya Mai Sola:

Malama ta cika komai. A wannan gaɓar ta ƙarshe ce kawai na ɗan saɓa mata. Rabin doki a mita 48 yana iya ba da sama da lita 1,000 a awa, idan aka shaƙe shi zuwa 600 wuta ake ƙonawa a bawul. Abin da ya fi damuna kuma shi ne ruwan gida ya rataya a kan inbata da batir, waɗanda su ne suka fi saurin lalacewa a duk tsarin sola. Ranar da inbata ta tsaya, gara a rasa fitila kawai, ruwa yana zuwa. Idan ana son kafar janareta, akwai sumon sola da ke karɓar duka biyu. Grundfos SQFlex, alal misali, yana aiki da DC daga bolt 30 zuwa 300 da AC daga 90 zuwa 240. Kada dai a jona kwantirolar famfo da cajar batir a kan jeren farantai ɗaya a lokaci guda, kowacce za ta riƙa jan bolt zuwa inda take so. Ko a raba musu farantai, ko a sa makunnin sauyawa na DC.

Ranar da aka haɗa, kafin a saukar da injin a gwada shi cikin durom cike da ruwa na 'yan sakan. Idan mai layi uku ne kuma yana juyawa ruwa ba ya fita, baya yake juyawa. A kashe nan take a musanya layi biyu. Bayan an saukar, da tsakar rana farantai a goge, a auna bokitin lita 20 a bakin tanki. Minti biyu daidai lita 600 ne a awa, minti biyu da sakan 24 lita 500. A rubuta wannan tare da bolt da amfiyar da kwantirola ta nuna, a manna a cikin murfin akwatinta.

Da wannan takarda ake gano ciwo daga baya ba tare da an ciro injin ba. Ruwa ya ragu, amfiya ta ragu, bolt yana nan: ƙura ce ko inuwa, a wanke farantai da safe kafin su yi zafi. Bolt ya faɗi da kusan rabi: faranti ɗaya ko mahaɗarsa ta samu matsala. Wuta tana nan yadda take, mota tana gudunta, ruwa ya ragu: ko bututu ya tsage a cikin rijiya, ko robar sukuru ta cinye. Amfiya ta haura, gudu ya ragu: yashi ko toshewa. Yana tashi yana tsayawa da rana tsaka: ruwan rijiya ne yake sauka har na'urar ƙarewa, sai a rage gudun mota daga kwantirola. Idan kuma kullum da safe sai ya daɗe yana juyawa kafin ruwa ya iso tanki, bawul mai hana ruwa komawa ne yake yoyo, bututun yana zubewa cikin dare.